Kafin A Ɗaga Jimny, A Leƙa Ƙarƙashinta

A wani rubutu da ya fito a baya, wani ɗan'uwa, wanda daga alƙalaminsa ka san ya daɗe da sitiyari a hannu, ya shawarci masu ƙananan motocin kat-kat, irin su Suzuki Jimny da Samurai da tsohuwar Vitara, da su kai motocinsu garaji a ɗaga su da santimita 8 zuwa 10 kafin ruwan Yuni ya sauka. A ganinsa wannan ne maganin kududdufan unguwanninmu da ramukan layuka, shi ne zai sa mutum ya kama hanyar arewa hankali kwance, kuma ranar sayarwa motar za ta fi daraja. Har ya ce aikin ba wani abu ba ne, resor huɗu ne masu tsawo da amotisa huɗu, kowane bakanike zai gama kafin la'asar. Rubutun ya shiga mutane. A majalisarmu ta bayan isha'i a nan Djidjolé cikin Lome an yi ta maimaita shi, na kuma ji matasan da ke sana'ar fito da motoci daga tashar jiragen ruwa suna lissafin kuɗin kayan. Shi ya sa na ga bai kamata a bar maganar haka ba.

Ban musa wa Malam marubucin halin da hanyoyinmu suke ciki ba. Tsohuwar Lome a kan yashi take, tsakanin teku da tafkin da ya raba garin biyu, mu kuwa da ke sama da tafkin muna kan jar ƙasa mai laka, wadda idan ta sha ruwa sai ta riƙe shi kwana da kwanaki. Da ka sauka daga kwalta ka shiga layi, sai abin da Allah Ya yi. Wanda ke da dangi a Agoe-Zongo, inda aka mayar da tsohon Zangon tsakiyar gari a 1977, ya san abin da kogin Zio ke yi wa gefen Togblekope idan ya cika ya batse. Ba mu kuma manta da 2008 ba, shekarar da ruwa ya cinye gadar Amakpape ya datse babbar hanyar arewa. Duk wannan gaskiya ne. Inda muka raba hanya da Malam shi ne ko ɗaga mota yana maganin ko da ɗaya daga ciki.

Abin da nake roƙon mai karatu ya yi ba zai ci masa ko dala ba. Ya sami Jimny a kan daɓe madaidaici, ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya leƙa ƙarƙashinta da tef ɗin awo a hannu. Abin da ya fi komai kusa da ƙasa wata ƙatuwar sandar ƙarfe ce da ta haɗa tayar hagu da ta dama, wadda makanikanmu ke ce wa pon, mai wani tulu a jikinta inda haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfi suke juyawa cikin mai. Jimny tana da irin wannan gaba da baya. Resor a kan pon yake zaune, shasi da gangar jikin motar kuma suna zaune a kan resor. To idan ka sa resor mai tsawo, me ya tashi? Jiki ya tashi, inji ya tashi, kujeru sun tashi. Pon yana nan inda ka bar shi, domin taya ce ke yanke tsayinsa daga ƙasa. Kamfanin Suzuki ya ba da santimita 21 a matsayin tazarar ƙasa ta Jimny da ta fito a 2018. Ka ɗaga ta da santimita 10, ka koma ka auna ƙarƙashin tulun, abin da ka samu jiya shi za ka samu yau. Kamar mutum ne ya tattare babbar riga zai tsallaka rafi: riga ta tsira, ƙafa tana cikin ruwa.

Kuma irin tarkon da ke kama mota a layukanmu tarkon pon ne. Motar yashi ko ta ruwa ta bi laka da nauyinta, ta haƙa kwari biyu, ta bar tudu a tsakiya, rana ta busar da shi ya yi tauri. Tayoyinka su faɗa kwarin, tulun ya hau tudun ya zauna daram, tayoyi na juyawa a banza. Motar da aka ɗaga da wadda ba a ɗaga ba duk a wuri guda za su kafe, kuma yara ɗaya ne za su zo turawa.

Ba na cewa ɗagawa ba ta ba da komai. Tana nisanta hanci da wutsiyar mota daga ƙasa, tana nisanta cikinta daga ƙusurwar dutse. Wanda aikinsa hawa da sauka ne a hanyoyin gonakin koko da kofi na tsaunukan Kpalime da Badu, inda ruwa ya zaizaye hanya ya bar matakala ta duwatsu, yana da hujjar neman ƙarin 'yan santimita. Amma Malam ba da su yake magana ba. Da mu yake magana, mu da tafiyarmu ba ta wuce daga gida zuwa kasuwar Asigame, daga Asigame zuwa fakin motoci, sai ɗaurin aure a Sokode lokaci-lokaci.

Za a ce ai dalilin ɗagawar ke nan, don manyan tayoyi su sami wurin shiga. To mu yi lissafi. Tayar da sabuwar Jimny ke zuwa da ita 195/80 R15 ce, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan santimita 69. Wadda masu ɗagawa suka fi so, 235/75 R15, ta ɗan haura santimita 73. Bambancin santimita 4 ne, rabinsa kawai ke ƙarƙashin pon. Wato duk hidimar nan, da kuɗin resor da na amotisa da na tayoyi biyar, ribarta a inda ake buƙata santimita 2 ce, faɗin yatsa ɗaya da ɗan ɗoriya. Ga abin da ka biya a kai: taya ta girma da kusan kashi 6 cikin 100, don haka agogon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi, inji mai lita 1.5, ko 1.3 a tsohuwar ƙirar da aka yi daga 1998 zuwa 2018, zai riƙa nishi a hawa, mai zai ƙara tafiya, birki kuma zai sha wahalar tsayar da tayar da ta fi wadda aka auna masa nauyi.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ginshiƙin rubutun nasa. Ruwa ta ƙofofi sanannu yake kashe mota. Babbar ƙofa ita ce bakin da inji ke shaƙar iska. Idan ruwa ya bi ta nan ya shiga, fistin ya taso ya tarar da shi, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe, injin ya tashi aiki nan take. Ɗagawa tana ɗan nisanta wannan baki daga ruwa, na yarda, amma igiyar ruwan da direba ke turawa a gabansa idan ya shiga da gudu ta fi ƙarfin wannan 'yar tazara. Ƙofa ta biyu kuwa ko kaɗan ɗagawa ba ta taɓa ta ba. Kowane pon yana da ɗan hancin numfashi a bayansa. Ka taho daga tafiya ƙarfen ya yi zafi, ka tsoma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta wannan hanci ko ta bakin robobin da suka tsufa. Ba za ka ji komai ba ranar. Sai bayan watanni, idan kuka ya fara tashi daga baya, bakanike ya kwance ƙusar tsiyaye mai, ka ga man ya fito fari-fari mai kauri. Maganin wannan ɗan siririn tiyo ne da ake ɗaurawa a hancin a ja shi sama, aikin da kuɗinsa bai kai na amotisa ɗaya ba. Malam bai ambace shi ba ko da layi guda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarfin halin da tsayi ke sa wa direba. Jimny ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci, mai santimita 60 kuwa yana ɗaukar manyan jif. Wanda ke zaune ƙasa-ƙasa yakan ga ruwa ya ja da baya, wanda aka ɗaga kuma aka ce masa motarsa ta gagari ruwa shi ne zai danna kai. Kada kuma mu manta, Lome ba ta cikin garuruwan gaɓar teku masu yawan ruwan sama, abin da ke sauka a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba. Matsalarmu ta magudana ce, ta 'yan makonni ce tsakanin Mayu da Yuli, sai ɗan abin da ba a rasa ba wajen Oktoba. Motar da aka ɗaga saboda waɗannan makonni ɗagaggiya za ta zauna sauran watannin shekara, a kan kwalta, da gudu.

Nan ne maganar ta daina zama ta kuɗi ta koma ta rai. Ƙaramar kat-kat tun daga masana'anta doguwa ce siririya. Tsakanin tayar hagu da ta dama a Jimny kusan mita 1.4 ne, tsakanin ta gaba da ta baya mita 2.25. Masana suna da wani lissafi mai sauƙi na auna saurin kifewar mota, wanda hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fara bayar da maki da shi a 2001: a ɗauki rabin faɗin da ke tsakanin tayoyi, a raba shi da tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Idan adadin ya yi yawa motar za ta zame kafin ta kife, idan ya yi kaɗan za ta kife kafin ta zame. Rabin faɗin Jimny santimita 70 ne. Mu ƙaddara, don misali kawai, cibiyar nauyinta tana santimita 65, ka ga adadin ya ɗan haura 1. Ɗaga jikin da santimita 10, cibiyar ta hau da 7 ko 8, adadin ya faɗo ƙasa da 1. Ba ka ƙara faɗi ko na ƙwayar gero ba. Sannan mu san kanmu: wane ne a cikinmu zai kama hanyar arewa rufin motarsa fayau? Buhun shinkafa yana sama, jarkokin manja suna sama, akwatin hajiya yana sama, safaya ma wani lokaci can ake ɗaure ta. Kowane kilo da ya hau rufi ya ƙara jan cibiyar nan sama.

Yanzu a ɗora wannan mota a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta tashi daga Lome ta bi Tsevie da Atakpame da Sokode da Kara har Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, fiye da kilomita 600, cike da tirelolin da ke jigilar kayan tashar jirgi zuwa Wagadugu da Yamai da Bamako. Akuya ta faɗo hanya, ko tirela ta ci layinka a kwana, ka murɗa sitiyari hagu ka dawo da shi dama cikin ƙiftawar ido. Wannan murɗawa biyu ita ce jarrabawar da doguwar mota ke faɗuwa. Ba sai an kai gangaren Aledjo ko na Defale ba, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ma tana faruwa.

Wannan ba sabon zance ba ne a tarihin motar. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada Suzuki Samurai ta yanke mata hukuncin cewa ba ta karɓu ba saboda yadda take ɗaga ƙafa a kwana mai tsanani. Kasuwarta ta faɗi warwas, kamfanin ya janye ta daga Amurka a 1995, ya kai ƙara a 1996, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2004. Masoyan Suzuki, ni ma ina cikinsu, sukan tuna cewa hukuma ba ta taɓa ba da umarnin janye motar ba, kuma akwai ja a kan yadda aka yi gwajin. Na ji. Amma duk wannan taƙaddama ta shekara goma sha shida a kan motar da ba a taɓa ba aka yi ta, yadda injiniyoyinta suka auna ta. Idan a tsayinta na asali har masana sun yi sa-in-sa a kan ko ta tsaya ko ba ta tsaya ba, ina dalilin ƙara mata santimita 10 a garajin bakin titi?

Wannan ya kawo mu ga cewar aikin na kafin la'asar ne. Wallahi, Malam, a nan ka yi wa mutane sauƙin da babu shi. Pon ba a sake yake ba, hannuwan ƙarfe ne ke riƙe da shi daga shasi, kowanne da tsawonsa da kusurwarsa. Idan jiki ya yi sama, hannuwan da ke riƙe pon na gaba sukan murɗa shi, sai kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana ta ragu. Motar ta fara yawo a hanya, direba na ta gyara ta ba hutawa. Akwai kuma sandar da ke gicciye, mai hana pon zamewa gefe. Tsawonta bai canza ba amma an nisanta bakinta biyu, don haka sai ta ja pon ɗin gefe guda, ka tsaya bayan motar ka ga taya ɗaya ta leƙo waje ɗaya ta shige ciki. Kardan da ke kai ƙarfi daga giya zuwa pon ya koma aiki a karkace, ya fara kaɗawa yana cin gaɓoɓinsa. Idan aka haɗa wannan da tsofaffin boris na wuyan taya da manyan tayoyi marasa daidaito, sai a sami rawar sitiyarin nan da masu Jimny a duniya suka sani, wadda takan taso a wani gudu bayan an daki rami, sitiyari ya riƙa fizgar hannu hagu da dama har sai an kusa tsayawa.

Na tsaya a wani garaji a unguwar nan ana duba wata da aka riga aka ɗaga a wani wuri. Da aka sa jak a shasi pon ya sauko, sai yaron garajin ya nuna mana tiyon birki na baya. Ya miƙe ƙyam, babu ko ɗan lanƙwasa, robar ta fara tsagewa a wuyan ƙarfen. Shi ne ke hana pon ɗin ƙarasa saukowa. Wato duk sanda tayar nan ta faɗa rami mai zurfi, nauyin pon a kan tiyon birki yake rataya. Mai motar yana tsaye, bai ce komai ba, sai salati. Cikakkun kayan ɗagawa na kamfanonin ƙwarai suna zuwa da dogayen tiyo, da robobi ko hannuwa masu gyara kusurwa, da sandar gicciye mai ƙari da ragi, da amotisa da aka auna da resor ɗin. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne daga cikin masu bin shawarar Malam za su yi odar wannan su jira jirgi? Abin da zai faru shi ne a je wurin masu sayar da kayan kwance a zaɓo resor na wata mota mai nauyi, ko a sa mai walda ya yanko zoben ƙarfe a cusa a kan resor, ko, idan Samurai ce mai resor na falle-falle, a ƙera mata dogayen maratayi daga ƙarfen gini. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Masu RAV4 da gaban tsohuwar Vitara lamarinsu ya ɗan bambanta, domin kowace taya da nata hannu, ɗagawa kuma takan ɗaga cikin motar da gaske. Sai dai kardan na gefe ne ke biyan kuɗin: kusurwarsa ta ƙaru, robar da ke rufe gaɓarsa ta yage da wuri, yashin Lome ya shiga, ƙas-ƙas ya fara a kwana.

Akwai kuma mutanen da ba su sayi motar ba amma za su zauna da ita. Garin nan na 'yan zemijan ne, wato masu haya da babur. Fitilar da ta hau sama ba a sake saita ta ba cikin idon mai babur take sauka da dare, bamba da ta hau sama kuma, in tsautsayi ya gitta, ba a ƙafa take samun mutum ba, a ƙugu ne ko haƙarƙari.

To me mai ƙaramar kat-kat zai yi? Yawancin motocin da ke fitowa daga fakin tashar jirgi sun ci shekaru a Turai kafin su zo, resor ɗinsu ya gaji ya zauna, amotisa ta zubar da mai. Mai irin wannan mota idan ya ce ta yi ƙasa, gaskiyarsa, amma ƙasa da tsayinta na asali ta yi. Sabon resor daidai da na kamfani da sabuwar amotisa za su dawo masa da abin da shekaru suka cinye ba tare da an taɓa kusurwar komai ba. Ya ja hancin pon sama da tiyo, ya duba man pon bayan damina, ya sa taya mai ƙwarin haƙori a girmanta na asali ko kusa da shi, ya rage mata iska idan zai shiga yashi ya mayar idan ya hau kwalta, kaya masu nauyi su zauna ciki a ƙasa. Wanda kuwa hanyar gonarsa ta tilasta masa, ya tsaya a santimita 4 ko 5, da cikakkun kaya, a hannun wanda zai auna kusurwar gaba bayan aiki, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa tun kafin ranar da zai buƙace su.

Saura batun daraja a kasuwa. A je fakin motoci a kalli yadda ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Wagadugu yake sayen kat-kat. Bai fara da fenti ba. Durƙusawa yake yi ya haska ƙarƙashi da fitilar waya, yana neman tabon walda da ƙusar da ba ta kamfani ba. Da ya ga an taɓa ƙafafun mota, abin da ke zuwa ransa shi ne an sha daji da ita, sai ya fara rage kuɗi tun kafin dillali ya buɗe baki. Duk wanda ya riga ya bi shawarar Malam, ina ba shi tawa: ya ɗaure tsofaffin resor ɗinsa a buhu ya ajiye a ɗaki, domin ranar da zai sayar sai ya sake biyan bakanike ya mayar da su.